Yatsun Madubi

Mai shagon ya danna maɓallin injin, kantar gaba ɗaya ta kama rawa. Kwalaben folish suka shiga gwara kai da juna, wani soso ya gangaro daga saman kwali ya faɗo kan ƙafar Shugaba.

"Kashe shi, ɗan nan, kafin ya zubar min da ragowar haƙoran," in ji ta, tana toshe kunne da gefen mayafi.

Mijinta, Madubi, ya ƙyalƙyale da dariya har da dukan kanta. Rabonta da jin irin wannan dariyar a bakinsa tun kafin a sallame shi daga aiki, don haka ta bar shi ya more. Masu motoci ne suka liƙa masa sunan Madubi, saboda in ya gama goge ƙofar mota, sai mutum ya tsaya ya gyara hularsa a jikinta. Shi kuwa ya raɗa wa matarsa Shugaba tun suna ango da amarya, domin ko ƙwan fitila ba a sauyawa a gidan sai da amincewarta. 'Yarsu ta fari tana gefe tana jujjuya wani faifan roba. Injiniya ake ce mata, tun ranar da ta kwance rediyon gidan ta mayar da shi, ya kuma yi magana.

Injin goge fenti suka zo saye su ukun. Za su buɗe nasu wurin a ƙarƙashin rumfar ƙofar gida.

"Wannan shi ne injin aiki," Madubi ya ce, yana shafa wanda aka kashe kamar ya gamu da tsohon aboki. "Juyi ɗaya yake yi, kai tsaye. Duk inda mota ta ƙuje, ka ɗora masa wannan, sai ya miƙa wuya."

"Haka ne, Baba," in ji mai shagon. "Amma in hannu ya daɗe a wuri ɗaya, ya ƙona fentin ke nan. Ga wannan kuma." Ya ɗago wani wanda bai kai na farkon girma ba. "Yana juyawa, yana kuma 'yar kewayawa, kamar mai shafa mai da tafin hannu. Ba shi da gaggawa, amma ba ya ɗaukar zafi, ba ya barin zobe-zobe a jikin fenti."

Madubi ya taɓe baki. "Na 'yan koyo ne."

"To ai 'yar koyon muka zo saya wa," in ji Shugaba.

Ya yi kamar bai ji ba. Ya zura hannayensa cikin aljihu.

* * *

Tun Injiniya tana goye yake aiki a wani babban gareji mai gilashi a gaba da fitilu masu haske kamar rana. Mai garejin mutum ne mai daɗin baki. In babban baƙo ya zo, sai ya dafa kafaɗar Madubi ya ce, "Wannan ba ma'aikaci ba ne, ɗan'uwa ne." Shi ya sa ba a taɓa rubuta komai tsakaninsu ba. Wa ke yin takarda da ɗan'uwa?

Wata rana faifan injinsa ya tsage, wato farantin da ake ɗaurawa a bakin injin a manna soso a kansa. Maimakon a sayo irinsa, mai garejin ya sa aka ɗauro wani ƙato mai nauyi daga wani mataccen inji. Ya ce faɗinsa zai sa a ƙara yawan motocin da ake gamawa a yini. Faifan bai zauna daidai ba. Da an kunna sai injin ya riƙa kaɗawa, girgizar ta bi hannu ta hau kafaɗa har mutum ya ji ta a dasashi.

Madubi ya yi magana. Mai garejin ya yi dariya ya ce, "Kai da ke da hannun ƙarfe?"

Maganar ta yi masa daɗi, ya koma bakin aiki.

Da farko kamar tururuwa ce ke yawo a yatsunsa in ya tashi daga aiki. Daga baya kawunan yatsun suka fara yin fari fat da safe. Sai maɓallin riga ya gagare shi. Injiniya ce ke ɓalla masa, shi kuma yana miƙe wuya yana cewa, "Kun gani, na zama babban mutum, har mai sa min riga gare ni." Gidan ya yi ta dariya. A garejin ma kowa da nasa: mai fesa fenti da tarinsa, mai walda da jajayen idanu, duk suna tsokanar juna da su lokacin shan shayi.

Da ya je asibiti, likita ya murza yatsun, ya soke su da tsinin allura, Madubi yana kallonsa yana murmushi, bai ji komai ba. Likitan ya ce jijiyoyin sun gaji da girgiza, kuma abin da ya tafi da wuya ya dawo.

Bai daina zuwa aiki ba sai ranar da injin ya suɓuce masa, ya ƙona gefen bonet ɗin wata mota mai tsada. Mai garejin bai yi faɗa ba. Ya raka shi har bakin titi, ya ce ya je ya huta, ya ba shi hula mai tambarin garejin. Washegari wani ne riƙe da injin, faifan nan yana nan ɗaure a bakin injin.

* * *

"Miƙo min babban injin nan in gwada," Madubi ya ce wa mai shagon.

"Baba," in ji Injiniya a hankali.

"Gwaji kawai. In ga ko na gaske ne."

Akwai wata tsohuwar ƙofar mota da aka kwantar a kan benci don masu gwaji. Madubi ya gyara tsayuwa, ya ware ƙafafu kamar yadda ya saba, ya ɗiga folish a kan soso. Idonsa na gaya masa ya riƙe injin gam. Ya kunna. Soson na taɓa ƙofar, injin ya fizge, ya yi tsalle ya doki benci, folish ya fantsama har kan gemun mai shagon. Injiniya ta zare wayar daga bango.

Madubi ya tsaya yana kallon hannayensa.

Shugaba ta ciro hankici ta miƙa wa mai shagon. "Goge gemunka, ɗan nan. Ka yi sa'a, kyauta ya yi maka. Da can sai manyan mutane yake yi wa."

Mai shagon ya fashe da dariya, Injiniya ta biyo shi. Madubi ya so ya ɗaure fuska, abin ya ƙi. Ya zauna kan wani kwali, ya yi dariyar har ya share ido, sannan ya nuna ƙaramin injin da haɓa.

"Ɗauko na 'yan koyon. Ke, zo ki riƙe."

Ta riƙe, aka kunna. Ƙararsa ƙasa-ƙasa ce.

"Me kike ji a hannunki?"

"Kamar waya na ruri a aljihu."

"A wuyan hannu fa?"

"Ba komai."

"To mu zo kan faifai."

Mai shagon ya baje su kan kanta, manya da ƙanana. Ya tura wani mai faɗi gaba. "Wannan in kun ɗaura shi, aiki zai yi sauri."

"Mayar da shi," in ji Madubi, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Ba ta wanda aka yi injin da shi, mai inci biyar. Nauyinsu ɗaya aka auna. In ka canza, hannu ne ke biya." Ya sa Injiniya ta lanƙwasa gefen faifan da babban yatsa, ta ga yana da taushi, zai bi lungun mota ba tare da ya ci fenti ba. Ya sa ta leƙa hudojin da iska ke bi ta sanyaya soso. Ya sa aka ɗaura shi aka kunna ba soso, ya sunkuya yana kallon gefensa ko zai ga ya kaɗa ko da kaɗan. Bai kaɗa ba. Sannan ya sa aka haɗa da safar hannu mai kauri da abin rufe hanci.

"Safar nan za ta ɓata min ado," in ji Injiniya.

"In na gan ki da inji ba ita, ni da ke ne."

"Ka ji mutum," Shugaba ta ce. "Yau kwana nawa da zama shugaba?"

* * *

Motar farko ta direban tasi ce, maƙwabcinsu, ja wadda rana ta cinye har ta koma kamar hodar bulo. Ya kawo ta yana cewa in ta ƙara lalacewa ma ba wanda zai gane. Matan layin suka fito ƙofa suna kallo. Wata ta ce ba ta taɓa ganin mace da irin wannan injin ba, Shugaba ta ce to yau ta gani, ta je ta ba da labari.

Madubi ya ja kujera kusa da taya. "Kar ki danna, bar shi ya yi aikinsa. Tafi a hankali. Yauwa." Da ya ga ta ɗan jima sai ya ce, "Kashe. Ajiye. Yarfe hannunki." Ta ce ba ta gaji ba, ya ce ba tambayarta ya yi ba.

Kafin rana ta karkata, jan ya fito kamar an wanke shi daga ciki. Direban ya zagaya motar yana tafa hannu, ya ce yanzu fasinja za su ɗauka kuɗin mota ya ƙaru. Shugaba ta shiga gida kawo shayi tana 'yar waƙa.

Injiniya ta zare safar, ta share gumi, ta shafa bonet ɗin. Fuskarta ta cika da murna.

"Baba, zo ka ji. Kamar ruwa."

Ya tashi. Ta kama hannunsa ta ɗora a kan fentin, ta ja shi a hankali daga wannan gefen zuwa wancan, tana kallon fuskarsa. Ya ga yatsunsa suna tafiya a kan jan, ya ga inuwarsu na bin su a ƙasa. Ya saurara, ya ƙara saurarawa.

"Ka ji ko?"

"Ya yi kyau, 'yata," ya ce.

Ta sake shi ta ruga ta karɓi tiren shayin. Shi kuwa ya bar hannun a inda ta ajiye shi.