Ɓarnar Gefen Hagu

Tun da aka kafa ƙungiyar nan, Dogo bai ƙara cin abinci ya ji daɗinsa ba.

Manaja ne ya kawo tsarin. Ya ce kwalayen tangaran sun cika fashewa a sito, kuma ba zai ɗauko masani daga waje ba. Ma'aikata su haɗu su gano matsalar da kansu, su gwada gyara, su koyi aiki a bakin aiki. Aka zaɓo Mai Sito, da Bakanike, da Iya mai shara, da Dogo, wanda ke tuƙa motar ɗaga kaya. Aka haɗa su da wata malamar horo mai sanyin murya, wadda ta zo da dokarta: a zaman ƙungiya ba shawara, ba zargi. Tambaya kawai ake yi, wanda aka tambaya ya amsa, sannan a fita a gwada abu ɗaya a dawo da labari.

"To Malama, in na ga mutum zai faɗa rami fa?" in ji Bakanike. "Sai in ce, 'Ranka ya daɗe, ko ka lura da ramin nan?'"

"Ka ga har ka iya," in ji ta.

Aka yi dariya. Dogo ma ya yi, amma ta yaƙe ce, domin shi ya san abin da ke fasa kwalayen. Idonsa na hagu ne. Tun bara wani hazo ya fara rufe shi, yanzu duk abin da ke wannan gefen sai ya juya kai gaba ɗaya yake ganinsa. Kuma ba kamfanin da zai bar mai ido ɗaya a kan motar da ke ɗaga kaya sama da kan mutane.

A zaman farko shi ya yi wuf ya ce, "Anya fitilun siton nan suna da haske kuwa?" Aka canza fitilu, sito ya yi fes kamar ɗakin tiyata. Kwalaye suka ci gaba da fashewa. Ya sake cewa ko hanyar ce ta yi matsi. Suka kwashe yini suna jan kantoci, Mai Sito ya shafa layin fenti rawaya a ƙasa, har Iya ta koyi riƙe tef ɗin awo. Ɓarnar dai ba ta canza zani ba. Da ya ce ko sitiyari ne ke ja gefe, Bakanike ya kwance motar ya ɗaura, ya dawo da baƙin mai har gwiwar hannu.

"Tambaya zan yi, Malama, ba zargi ba," in ji shi. "Dogo, motar nan ta taɓa yi maka laifi ne kake ɓata mata suna?"

Kowane mako ƙungiya na kawar da dalili ɗaya, kuma Dogo na kallon dalilan suna ƙarewa, saura shi.

A gida ma ba sauƙi. Da safe matarsa ta ɗiga masa maganin ido, ta zagaya ta hagunsa ta ɗaga hannu.

"Baban yara, me na riƙe?"

"Cokali."

"Ba komai a hannuna." Ta zauna a bakin gado. "Ka faɗa musu."

"In faɗa musu mu ci me? Inna na kwance ba lafiya, yaran nan ko sakandare ba su gama ba. Wa zai ɗauki mutum kamar ni a yanzu? Ni tuƙi kawai na iya."

Ta miƙa masa hularsa.

A ranar ne abin ya faru. Ya ɗago kaya yana shan kwana a bayan wata kantar kaya, sai ya ji ƙarar bokiti a ƙarƙashin taya. Ya taka birki. Da ya juya kai, ga Iya manne da bango, tsintsiya a hannu, ƙarfen motar ya tsaya dab da cinyarta. Ruwan bokitin na malala a kan layin rawaya. Ba ta yi ihu ba. Ta dai dube shi, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ɗauki bokitinta da ya lotse ta wuce.

Ya shiga zaman la'asar kamar mai shiga kotu. Washegari ne za su kai wa Manaja rahoto. Mai Sito ya jero kwalayen da suka fashe a kan tebur, ya ce, "Ni abin da nake son sani, me ya sa duk ta gefe ɗaya suke lotsewa?"

Fanka na ta juyawa. Dogo ya buɗe baki zai ce ko ƙasan siton ce ta karkace, sai Iya ta riga shi.

"Ɗana," ta ce, "ɗazu ka gan ni?"

Da zagi ta yi, da ya san yadda zai kare kansa. Ya dubi Malama, ya dubi ƙofa. Ya tuna fuskar Inna, ya tuna bokitin.

"Ban gan ki ba, Iya." Ya taɓa idonsa. "Ba na ganin hagu."

Bakanike ya sunkuyar da kai. Mai Sito ya fara cewa, "Ai da ka..." sai Malama ta ɗaga yatsa, ya haɗiye.

Dogo ya zaro mabuɗin motar ya ajiye tsakanin kwalayen. "Ni ma ina da tambaya. In mutum ya faɗi gaskiya a ɗakin nan, ina zai kwana da iyalinsa?"

"Ban sani ba," in ji Malama. "Ba zan yi maka ƙarya ba. Rahoto dai dole ya faɗi abin da aka gano. Amma ƙungiya ce ke rubuta abin da za a gwada gaba."

Can Iya ta miƙa hannu ta ja mabuɗin gabanta, tana juya shi.

"Wannan abin, dole sai namiji?"

"Iya, ke da ko keke ba ki taɓa hawa ba?" in ji Bakanike.

"Tef ɗin awo ma da ban taɓa riƙewa ba. Ba kai na tambaya ba." Ta juya ga Dogo. "A kamfanin nan akwai wanda ya san motar nan kamar kai? In an ce ka koyar da mu, mu ukun nan, za ka iya?"

Haka suka rubuta, cewa a sauke shi daga mota a bar shi ya horar da direbobi, a kuma tura shi asibitin ido. Manaja ya karanta a tsaye, ya ce zai yi tunani, ya shige ofis ya rufe ƙofa.

Har aka tashi ƙofar ba ta buɗe ba. Dogo ya kasa tafiya gida, don bai san me zai ce wa matarsa ba. Ya koma sito, ya tarar Iya ta haye kujerar motar a kashe, ta ƙanƙame sitiyari.

"Wanne ne birkin?" ta ce.

Ya waiwaya ya dubi ƙofar Manaja. Sannan ya zagaya inda idonsa na dama zai gan ta sosai, ya durƙusa, ya kama ƙafarta ya ɗora a kan birkin.