Tica Zacharias Ba Shi da Hoto

"Ko ɗan hoton fasfo ɗaya babu?" in ji Catherine, tana zazzage akwatin yayanta a tsakar ɗaki. Takardu ne kawai ke zubowa, duk zanen yara.

Tica Zacharias, maƙwabcinmu a Kubwa, ranar Laraba aka tarar ya rasu. Kwana biyu ƙofarsa a rufe ba wanda ya lura, don mu nan sammako muke yi mu bi bas zuwa ofis, mu dawo a gajiye. Catherine ƙanwarsa ce, daga Kafanchan ta zo ɗaukar gawa, kuma cocinsu na son hoton da za a buga a takardar jana'iza kafin Asabar. Shekara goma sha ɗaya rabonta da shi.

Ni dai gaskiya ba ma shiri da shi. Zane yake koyarwa a wata firamare, ranar hutu kuma ya tara yaran layi a barandarsa su ɓata kaya da fenti. Ranar da 'yata Hansatu ta kawo mini zanen koriyar akuya sai da na taka na same shi.

"Haba Tica! A ina ka taɓa ganin koriyar akuya? Ka ba su littafi su kwafa mana!"

"Madam, masu kwafa sun cika gari," ya ce da Hausarsa ta coci. "Bari yarinya ya zana abin da ya gani."

To, ni da Catherine muka bi gida-gida neman hotonsa, muka je makarantar. Hotunan taro birjik, amma ashe kullum shi ke riƙe kyamara. Catherine ta zauna bakin baranda ta dafe kai.

"Yaya zan kai shi gida ba fuska?"

Yaran ne suka ce za su zana shi. Su bakwai suka baje a ƙasa, ba mai leƙen na wani, don Tica ya hana su kwafa. Wani ya yi masa kunnuwa kamar faranti, wata ta ba shi shuɗin hannu. Catherine na dubawa, tana dariya tana hawaye. Da ta zo kan na Hansatu sai ta ƙura masa ido. Mutum ne zaune kan benci ya ba da baya, kwano ɗaya a gefensa, baranda fayau.

"Ina fuskar, 'yata?"

"Haka nake ganinsa ta tagarmu in mun watse," in ji Hansatu. "Kullum."

Wallahi kunya ta rufe ni. Tagar kicin ɗina ce. Shekara shida ina girki a gabanta, ko loma ban taɓa aika masa ba.

"Wannan za a buga," Catherine ta ce.

Ranar Asabar da hantsi motar gawa ta tashi, an manna takardar a gilashin baya. Muka tsaya bakin get muna kallon bayansa, yana zaune kan bencinsa, har motar ta hau titi.