Layin da Inna Ke Sauyawa

Tun da mota ta buge maigidana Abdulrauf a hanyar Garki ƙafafunsa suka daina aiki, abin da ya fi tsana a duniya shi ne "sannu, ya jiki." Duk mai shigowa gidanmu a Limawa da ita yake shigowa, a tausashe, kamar an zo ta'aziyya. Shi kuwa sai ya juya wa bango fuska. Abinci ma sai na yi kamar zan yi kuka yake kai loma biyu, kuma wallahi tsoro nake ji, don ina ganin mutum yana fid da rai da kansa.

Mutum ɗaya ne bai yi masa sannun ba, Davou, tsohon maƙwabcinmu. Shekarun baya duk Asabar suna gaban talabijin suna buga ƙwallon gem, suna ihu kamar ba magidanta ba. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a dangin matarsa suka matsa, suka tattara suka koma Jos. Da ya zo dubiya, kallonsa kawai ya yi ya ce, "Hannuwan dai suna nan ko? To ba ka tsira ba."

Ya bar mana wasu 'yan akwatuna biyu farare, kowanne kamar sabulun wanki. Ɗaya za a soka a soket ɗin shagon ƙofar gidanmu, inda Ashafa yake haya yana sana'ar intanet, ɗayan a ɗakin maigida. Wai intanet ɗin zai bi ta wayar lantarki ya iso gem, su buga, shi yana Jos, wannan yana Dutse. Na ce ikon Allah, abin da ke kunna dutsen guga?

Asabar ta farko bai yi ba. Ashafa ya ce wasan yana da ƙofarsa a cikin na'urar da ke raba intanet, sai an buɗe ta an nuna mata gem ɗinmu. Ya buɗe, ya gwada da safe, ya yi lafiya lau. Bayan la'asar, lokacin da maigida suka ajiye da Davou za su buga, ɗan koren hasken akwatin ya mutu murus. Asabar ta gaba ya ce lambar gem ɗin ce ta canza, ya kafe ta. Da safe ya yi, da yamma shiru. Na ce, "Ashafa, anya ka san aikin nan, ko tsokana ka zo yi?" Ya rantse har da dafa kai.

Ranar maigida ya ce, "Safiya, in wata Asabar bai yi ba, ki kwashe tarkacen nan. Na gaji da sa rai." Yadda ya faɗe ta a sanyaye, na san ba gem kaɗai yake nufi ba. Na shiga kicin na sha kukana.

Da Asabar ta zo sai na ƙi matsawa daga tsakar gida, na zuba wa komai ido. Zafi ake yi na fitar hankali. Ana idar da azahar wuta ta yi ƙasa, fanka ta koma jan jiki. Can sai ga Inna, surukata, ta fito daga ɗakinta sanye da silifas na roba, ta ja turmi zuwa zaure ta hau. Gidanmu layin wuta uku ne suka shigo, in wannan ya yi rauni sai a zare fis a mayar kan wancan. Ina kallo tsohuwar nan ta zare na cikin gida ta soka a layin gefe, ko gezau. Fankar ɗakin maigida ta ɗauka da ƙarfi. Na leƙa, koren hasken ya mutu.

"Inna! Dama ke ce?"

"Ni ce me? Yaro yana kwance, bayansa duk ya yi ƙuraje, in bar shi ya dahu?"

Na kira Ashafa. Ya riƙe baki ya ce shagonsa yana layin farko, kuma akwatunan nan ba sa jin juna sai suna layi ɗaya. Mayar da shagon wancan layin kuwa sai an kira mai gyaran wuta, ga la'asar ta kawo kai.

Inna ba ta gane zancen akwatu ba, amma ta gane ɗanta. Ta shiga ɗakin ta tsaya a kansa.

"Kai, wai fankar kake so ko wasan yaran?"

Kunya ta kama shi. Can ƙasa-ƙasa ya ce, "Inna, Davou yana jira."

Ta juya ta fita. Ta koma ta hau turminta, ta mayar da fis inda yake. Fanka ta yi laƙwas, koren haske ya kama. Ashafa ya daddanna, sai ga filin ƙwallo, ga sunan Davou a gefe. Na jingina maigida da matasai, na miƙa masa abin bugawa.

Kafin ka ce me Davou ya zura masa ɗaya, ko tausayi babu. Maigida ya ce, "Kai, ɗan banzan nan!" da wata murya da na manta yana da ita. Gumi ya fara tsiyaya daga goshinsa. Inna ta fita ta dawo da mafici, ta zauna bakin gado tana yi masa fifita. Na ce ta kawo in karɓe ta, ta harare ni.

Ta daɗe tana ƙura wa talabijin ido, sannan ta ce, "Wanne ne kai a cikinsu?"

"Mai jar riga, Inna. Ga ni da ƙwallo."

"To me kake tsaye? Yi gudu mana, ɗan nan!"

Ashafa ya sunkuyar da kai. Shekara guda ke nan ba wanda ya isa ya furta kalmar nan a ɗakin. Na dubi maigida, hawaye ne da gumi a haɗe a fuskarsa, amma dariya yake yi, yatsunsa suna ta aiki.

"Gudu nake yi, Inna," ya ce. "Ki duba, wallahi gudu nake yi."