Ganyen da Barakatu Ta Shanya

Ba a daɗe da komawar sojoji bariki ba aka buɗe jami'a a Wudil, Barakatu kuwa ta samu shiga tana karatun tsirrai. Malaminsu, Dakta Maikano, ya ce kowa ya shiga daji ya tsinko ganyayen da ba shuka su aka yi ba, ya busar da su a tsakanin jarida, ya gane kowanne da sunansa. Wanda bai kawo ba, sai ya maimaita darasin baɗi.

Duk damina tana yawo a bakin kogi da gefen gonaki. Ƙaya ta yaga mata zane, ƙarangiya ta hana ta sakat, wata rana har ta taka wutsiyar damo ta watsar da kaya ta ranta a na kare. Sai da ta sha wuya kafin ta iya raba tafasa da rai-ɗore. Da ganyen ya fara fumfuna a ɗakin ɗalibai, sai ta kwashe shi zuwa Lajawa, gidan Gwaggo Yelwa, yayar babanta. Ta jera a kan rumfa, ta danne da duwatsu, ta koma makaranta a gurguje ba ta yi bayani ba.

Ranar da ta zo ɗauka, Gwaggo ta tare ta da kwanon kwaɗo.

"Ci, 'yar boko. Kin rame kamar sillan kara."

Ta cinye tas, har da suɗe kwano. Sannan ta taka turmi ta leƙa rumfa. Jaridu na nan a ninke, yawancinsu wayam.

"Gwaggo, ina ganyena?"

"Tafasar da yaɗiyar? Ba su kika gama lashewa yanzu ba? Na ga kin shanya, na ce yarinyar nan ta fara hankali, tana yi wa gida tanadin rani. Amma ke ma da rowa! Ganye ɗaiɗai kamar rabon goro, sai da na ƙara da nawa. Lalon kuwa tuni aka yi miya."

"Gwaggo, aikin makaranta ne fa!"

"To ai na bar miki marasa amfanin."

Tumfafiya ce da zaƙami da rai-ɗore. Wa zai yi wa yayar uba tsawa? Barakatu sai hawaye.

Washegari ta bazama daji, amma an gama girbi, an saki dabbobi. Inda ta bar tafasa shar, sai tsinke da kashin awaki. Ta yini tana bin gonaki kunya-kunya, ba ta samo abin kirki ba.

Da ta koma makaranta, Dakta Maikano ya juya 'yan jaridun da ta kawo.

"Ina sauran?"

"An cinye, Malam."

"Gara?"

"Gwaggota ce." Ta sunkuyar da kai. "Da ni."

Ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Da ya natsu ya ce, "Ki yi haƙuri, Barakatu. Abin da ban gani ba, ba zan ba shi maki ba. Sai baɗi."

Ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, sai ga saƙo daga Lajawa: ƙullin leda, wai a kai wa malamin a madadin wanda aka ci. Barakatu ta kwance da sauri. Ganye ne kam, mai yawa, amma Gwaggo ta dake shi lukui don kada malam ya sha wahala.