Hanyar Zuwa Wajen Auta

Mai gyaran kwamfuta ya tsaya a kansa riƙe da kwali. "Yallaɓai, yau za a goge tsofaffin kwamfutocin ofis ɗin nan. Taka kaɗai ta rage."

"Ɗan ba ni lokaci," in ji Baban Auta.

Shi mai rubuta manhaja ne, a baƙin allon da ake buga umarni yake wuni. Yana da wata 'yar dabara a kwamfutar: ya buga "je" da sunan folda, sai ga shi a ciki, komai lungun da take. Dabarar tana lura da inda mutum ya fi zuwa. Inda aka daina zuwa kuwa, a hankali take mantawa da shi.

Da safe matarsa ta riƙe masa hannun riga a bakin ƙofa. "Ka taho min da muryar Auta. Ta fara ɓace min a kunne."

Ya buga "je auta". Allon ya ce bai san wurin ba. Ya sake bugawa, amsar ba ta canza ba.

Da yarinyar tana raye, kullum sai ya shiga ya ajiye waƙoƙin da take rera masa a waya. Tun da aka binne ta bai iya buɗe foldar ba. Hanyar kuma bai taɓa riƙe ta ba, da dabarar yake tsalle kawai ya faɗa ciki.

Dogo, abokin aikinsa, ya leƙo. "Sarkin tsalle, yau ƙafa ta karye ne? Sauko ka taka irin tamu." Sai idonsa ya kai kan sunan. Ya jawo kujera.

Suka nemi fayilolin sauti, na aiki suka cika allon. Suka koma bi folda-folda, su shiga su fito. Mai gyara ya duba agogo, ya dubi fuskar uban, ya ajiye kwalinsa.

Can ƙarƙashin wani tsohon aiki suka sami foldar. Ya kunna fayil ɗaya.

"Baba, ta fara ɗauka?" in ji muryar. "To kar ka yi dariya."

Ya kwafe komai zuwa sabuwar kwamfuta. Ya shiga foldar, ya fita, ya sake shiga.

"Ai sun kwafu," Dogo ya ce a hankali.

"Na sani." Ya goge ido da bayan hannu, ya sake shiga. "Hanya nake koya wa sabuwar kwamfutar, kar ta manta."