Murjanin Mama Abike

Hannun Morenike na cikin ruwan gishiri har kafaɗa, tana kankare dutse da reza, tana ta tsaki. Karo na huɗu ke nan a wata guda da ta sha cunkoson hanyar Lekki saboda tankin kifin gidan Dokta Akinwale. Murjanin nan mai laushi, wani abu mai rai da ke tsirowa a kan duwatsun teku, mai buɗe yatsu yana rufewa, ya sake mamaye duwatsun. Har ya haye shuɗin murjani mai rassa da ta shekara shida tana reno, gindinsa ya fara fari.

"Ko dai aikin ya fi ƙarfinki ne?" in ji Dokta, yana ɗaura agogo. "Akwai wani a Ikoyi da aka yaba mini."

"Oga, ranar Talata tas na kwashe shi."

"To, aljanu suka dawo da shi." Ya fice.

Ta tara abin da ta kankare a bokiti, ta fita ɗauko jarkar ruwa a mota. Tana dawowa ta tarar da Mama Abike, mahaifiyar Dokta, ta dogara sanda, tana ɗibar murjanin da ludayin miya tana juyewa cikin tanki.

"Mama! Ashe ke ce?"

"Gida nake mayar da su. Abu mai rai za ki zuba a kwata?"

"Ɗan guntu ɗaya in ya faɗa, sati biyu ya cika tanki! Ɗanki na shirin korata, Mama!"

"Wancan shuɗin naki ya taɓa motsi?" Tsohuwar ta taɓe baki. "Yini guda ina zaune a falon nan, kowa ya kama gabansa. Waɗannan kaɗai ke ɗago mini hannu."

Morenike ta dire jarkar ruwan. Ta koma mota tana ƙunƙuni, ta kinkimo ƙaramin tankin da take kai sababbin kifi a ciki. Ta girka shi kusa da kujerar Mama, ta jona famfo, ta juye bokitin gaba ɗaya.

"Nan ne gidansu yanzu. Babban kuma, don Allah, ki bar mini shi."

Mama Abike ta gyara tabarau, ta daɗe tana leƙe.

"Ya yi ƙanƙanta."

"Zai ishe su."

"Kuma ba kifi."

Morenike ta runtse ido, ta ja dogon numfashi, sannan ta ɗauki ragar kamun kifi.

"Ɗaya, Mama. Ɗaya tak."

"Mai ruwan ɗorawar," in ji tsohuwar, tana nuni da ludayi. "Da matarsa."