Ramar Dijatu

A dangin Dijatu, jikin mace ake dubawa a san kirkin mijinta. Tun da aka kawo ta Azare daga rugarsu ta bayan Bulkachuwa take cika, kowace haihuwa da nata ƙarin, 'yan uwa kuwa sai sa wa mijinta Babayo albarka suke yi, wai ya iya riƙo. Ba wanda ya tambayi lafiyar gwiwoyinta, alhali tashi daga sujada ma ya zame mata aiki.

Da ta je asibiti aka ce sukarinta ya fara hawa, sai ta rage ƙiba. Ta ce to, za ta daina cin abinci. Ma'aikaciyar jinyar ta yi dariya, ta ce jiki kamar murhu yake, dare da rana yana ƙona abin da aka ci, in aka hana shi itace sai ya rage wuta ya koma tattali, ƙibar ta zauna daram. Ta ce ta ci abinta, amma ta rage tuwo da man shanu, ta ƙara wake da ƙwai da ganye, ta samu barci, ta kuma nemi aikin ƙarfi, don tsoka ko a zaune mutum yake tana cin rabonta.

Dijatu ta jawo turmi ta daina aika gero inji. Ruwa da kanta take ja a rijiya, unguwa kuma a ƙafa. Babayo, mai shagon atamfa a kasuwa, shi ke sayo mata ƙwan yana tsokanarta. Kafin damina ta fita zani ya fara zagaye ta har da saura, gwiwa ta yi shiru.

A haka yayarta, Adda Zainabu, ta same ta, taɓarya a hannu, gumi sharkaf, ƙashin wuya a waje. Ta ajiye kwanon man shanun da ta kawo, ta tambaye ta ko lafiya. Kunya ta rufe Dijatu. Uwar 'ya'ya guda ta buɗi baki ta ce rage jiki take yi, kamar 'yan matan waya? Ga man da aka aiko a baya duk ta rabar wa maƙwabta. Ta sunkuyar da kai ta ce ba komai. Wannan sakarcin shi ya jawo komai, don Adda ba ta ko kwana ba ta juya ruga ta kai labarin ramar.

Mahaifinsu, Malam Bubayero, bai biya ta gidan ba. Shagon Babayo ya nufa da sandarsa, kasuwa na ci. A gaban jama'a ya ce matar aure ya ba shi, ba 'yar aiki ba, in kuɗin niƙa ya gagare shi ya faɗa, shanunsu ba su ƙafe ba. Suruki ba a mayar masa da magana. Babayo ya cire takalmi ya tsuguna yana ba da haƙuri, 'yan kallo kuwa suka ɗauka amsa laifi ya yi.

Tare suka iso gida. Tsohon ya zauna a zaure ya ce wa Adda, wadda ta rako shi, ta haɗa kayan ƙanwarta. Dijatu ta leƙo ta ga fuskar mijinta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta durƙusa a bayan ƙofa.

"Baffa, ba shi ba ne. Asibiti suka ce in rage jiki. Dakan ni na sa kaina."

"Da yayarki ta tambaye ki fa?"

"Kunya na ji."

Malam Bubayero ya juya ya dubi Babayo. Mutum ne da ko a gaban hakimi ba ya saurin sunkuyawa. Ya dafa sanda ya miƙe. Babayo ya ce don Allah a bar maganar, ta wuce.

"A kasuwa na zubar maka da mutunci," in ji tsohon. "A can zan roƙe ka."

Ya ƙi hawa mashin ɗin Babayo. Dijatu na tsugune tana kallon bayansa ta ƙofar zaure, yana tafiya a hankali, kansa a ƙasa, Babayo na biye da shi yana roƙonsa ya tsaya.